Ranar da ɗana ya ce a kai kekensa wurin mai walda

Wannan makon hirarmu ta bar kicin, ta koma bakin titi, wurin masu gyaran keke.

Ɗana mai shekara 14 ne ya same ni ina tsintar shinkafa, ya miƙo mini waya. "Umma, dubi wannan." Wani Bature ne a YouTube ya yanko ƙarfe, ya huda shi, ya walda a jikin tsohon kekensa, ya ɗaura masa birkin faifai irin na babur. Yaron nan har ya zana nasa a bayan littafin lissafi. Kuɗin walda kawai yake nema.

Ban ce a'a ba, ban kuma ce to ba. Na ɗauki kwana biyu ina tambaya da karatu, har na je na zauna a bencin wani dattijon mai gyaran keke a unguwarmu, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan.

Birkin da muka sani, mai roba biyu, yana kama gefen wili ne daga sama, inda ƙarfen keke ya fi kauri, kuma ƙafafu biyu na fok (ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe tayar gaba) suna raba nauyin daidai. Birkin faifai kuwa a ƙasa yake kamu, kusa da cibiyar taya, kuma a ƙafar hagu kaɗai. Faifan da aka fi amfani da shi faɗinsa milimita 160 ne, wilin babban keke kuwa ya kai 560 zuwa 620. Tun da faifan ƙarami ne, sai birkin ya yi kamu da ƙarfin da ya kusa ninki huɗu kafin ya tsayar da keken. Duk wannan ƙarfi a kan ƙafa ɗaya yake sauka, a daidai inda ta fi siranta. Fok ɗin da kamfani bai ƙera shi don haka ba yana iya lanƙwashewa ko ya karye, ga kuma zafin walda da ke ƙara raunana siririn ƙarfe.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Idan aka matse birkin faifai na gaba, ƙarfinsa yana tura sandar tayar ƙasa, wato ta inda bakin fok yake a buɗe. In noti ya yi sako-sako, taya na iya fita. Ku yi tunanin yaro a gangare, ga Keke Napep a gabansa, ya damƙe birki, tayar gaba ta bar shi. Fuska ce za ta fara isa kwalta.

Don haka maganar gaba na rufe ta. In yana son faifai a gaba, sai dai a sayi fok ɗin da ya zo da mazaunin birkin tun daga kamfani, ko da na hannu ne.

Na baya kam da sauƙi, don ko ya lalace, yawanci keken ja yake yi, ba ya wurgar da mutum ta kai. Amma da sharaɗi. A fara ɗora maganaɗisu a jikin keken. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, ana iya waldarsa. In bai kama ba, wataƙila alminiyam ne, wanda ke buƙatar injin walda na musamman da gashi bayan aiki, ba aikin mai yin ƙofa da taga ba ne. Sannan a sa ɗan ƙarfen tokare tsakanin sandunan baya biyu na hagu don su raba nauyi. Awo ma ba na ido ba ne: ramukan noti biyu na tsohon tsarin da aka fi bi tazarar milimita 51 ce a tsakaninsu, kuma kuskure kaɗan ya isa faifai ya riƙa goga yana kuka. Ga abin da bidiyon bai nuna masa ba: cibiyar tayarsa ba ta da wurin ɗaura faifai, sai an sauya ta an sake saƙa wilin gaba ɗaya.

Da muka haɗa lissafi, kuɗin ya yi nisa. Shi da kansa ya yi shiru.

Abin da ban so ba shi ne in kashe masa sha'awa. Yaron da ya zauna ya zana ƙarfe da awo, maimakon ya kwana yana buga wasa a waya, ba na tsawa ba ne. Na roƙi dattijon nan ya riƙa karɓarsa ranar Asabar bayan Islamiyya. Aikin farko da ya ba shi: ya sauya robobin birkinsa da suka cinye, ya sa sabuwar wayar birki, ya goge wili da tsumma. Da ya gwada a ƙofar gida, keken ya tsaya cak, har ya kusa faɗuwa.

Zanen yana nan a bayan littafin lissafi. Ya ce idan ya iya saƙa wili da hannunsa zai dawo mini da maganar na baya, ni kuma na ce Allah ya kai mu.