Gidajen haya a Ingila: Wanda ya karɓi kuɗin ɗaki ya karɓi amanar rai

Cikin daren 5 ga watan Maris na 2023, gobara ta tashi a wani sashen gidan bene mai ɗakunan kwana biyu a unguwar Shadwell da ke gabashin Landan. Batirin keken lantarki da aka jona a caji ne ya kama da wuta.

Mutum aƙalla 18 ne ke kwana a wannan ɗan wuri, a kan gadaje masu hawa biyu. Akasarinsu 'yan asalin Bangladesh ne, ɗalibai da masu kai saƙon abinci a kan keke. Wani magidanci mai shekara 41 ya rasu a asibiti bayan 'yan kwanaki.

Gidan yana da lasisi daga ƙaramar hukumar Tower Hamlets, amma na mutum uku ne kacal. Daga baya masu gidan sun amsa laifin karya dokokin gidaje a gaban kotu.

Labarin ya shafi 'yan Najeriya kai tsaye. A 'yan shekarun nan dubbansu sun tafi Birtaniya karatu ko aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, kuma masaukin farko na mafi yawansu shi ne ɗaki guda a gidan da ake tarayya da baƙi. Wasu da suka riga su zuwa sun sayi gidaje suna zuba 'yan haya. Wasu kuma sun kama gida sukutum, suna raba ɗakunansa ga sababbin zuwa suna karɓar kuɗi.

Duk wanda ke karɓar irin wannan kuɗi ya kamata ya san cewa rayukan mutane ne aka damƙa masa, kuma lasisin da wasu ke yi wa kallon wahalar banza shi ne mafi ƙarancin abin da wannan amana ke buƙata.

Abin da doka ta tanada

A dokar gidaje ta 2004, gidan da mutum uku ko fiye ke haya a cikinsa, waɗanda ba iyali ɗaya ba ne, suna tarayya a kicin ko banɗaki, yana da matsayi na musamman. Shi ne ake taƙaita sunansa da HMO.

Tun daga 1 ga Oktoban 2018, duk irin wannan gida da ke da mutum biyar ko fiye dole ne ya samu lasisi daga ƙaramar hukuma, ko hawa nawa ne. Kafin nan sai gida ya kai hawa uku tilascin ke hawa kansa. Ƙananan hukumomi da dama, musamman a Landan, sun faɗaɗa abin har ga gidajen da ke da mutum uku ko huɗu.

Lasisin ba ya wuce shekara biyar, kuma kowane gida da nasa. Hukuma kan duba ko mai gidan ko wakilinsa mutumin da za a amince wa ne, wato ba shi da tarihin zamba ko tashin hankali ko karya dokokin haya. Sannan ta rubuta adadin mutanen da aka yarda su kwana a gidan.

Har girman ɗaki an ƙayyade. Ɗakin mutum ɗaya da ya haura shekara 10 kada ya gaza murabba'in mita 6.51. Na mutum biyu kada ya gaza 10.22. Na yaro ɗan ƙasa da shekara 10 kuwa 4.64 ne, kuma duk ɗakin da bai kai haka ba haramun ne a kwana a cikinsa.

Bayan wannan akwai binciken iskar gas duk shekara daga ƙwararren da ke da rajista, da binciken wayoyin lantarki aƙalla sau ɗaya a shekara biyar, da ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa. Ana kuma buƙatar na'urar da ke gano gubar iskar nan marar wari marar launi a ɗakin da ke da tukunyar ɗumama gida. Irin gubar da ke cikin hayaƙin janareto ce, wadda ta sha kashe iyalai cikin barci a Najeriya.

Dalilin wannan tsauri

Iyali ɗaya sun san juna. Idan wuta ta tashi, uwa ta san ɗakin da kowane yaro yake, uba ya san inda makulli yake. A gidan tarayya kowa ya rufe ƙofarsa, wani yana aikin dare, wani yana girki ƙarfe biyu na dare, wani ya jona hita ko batirin keke a ɗakinsa. Wanda ke hawa na sama zai yiwu bai ma san sunan na ƙasa ba, balle ya san yana gida ko ya fita.

Shi ya sa hukumomi kan nemi a sa ƙofofin da za su iya tare wuta da hayaƙi na minti 30, a haɗa ƙararrawar hayaƙi ta yadda idan ɗaya ta yi ƙara duk za su ɗauka, a bar matakala da baranda babu tarkace, ƙofar fita kuma ta zama mai buɗuwa daga ciki ba sai da makulli ba. Cikin duhu da hayaƙi babu mai lokacin laluben makulli.

Waɗannan sharuɗɗa da gawarwaki aka koye su. A watan Maris na 1999, matasa biyu sun mutu a gobara a wani gidan haya na ƙarƙashin bene a birnin Glasgow. Tagogin suna da ƙarafuna, ƙararrawar hayaƙi kuma ba ta aiki. A shekara ta 2000 Scotland ta wajabta lasisi ga irin waɗannan gidaje.

Kukan masu gidaje

Masu gidaje suna da ƙorafinsu, kuma ba duka ne na son kai ba. Sukan ce kuɗin lasisi da na gyare-gyare yana da yawa, kuma a ƙarshe kan 'yan haya yake komawa. Sukan ce masu bin doka ne ke biya, yayin da 'yan bayan fage ke cin karensu babu babbaka. Sukan kuma ce idan aka matsa musu za su sayar da gidajen, ɗakuna su ƙara ƙaranci, talaka ya ƙara faɗawa hannun mugaye.

Batun kuɗin lasisi bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ya bambanta daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan, amma a ce fam 1,500 ne na shekara biyar. Fam 25 ke nan a wata, fam biyar a kan kowane mutum a gida mai mutum biyar. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne ƙofofi da wayoyi da ƙararrawa, kuma waɗannan ko babu doka ya kamata a yi su. Wanda ba zai iya ɗaukar nauyin sa ƙofar da za ta tare wuta ba, bai kai matsayin tara mutum biyar a gidansa yana karɓar kuɗinsu ba.

Ƙorafinsu na biyu kuwa gaskiya ne, kuma gobarar Shadwell ta tabbatar da shi. Takarda ta ce mutum uku, gida na ɗauke da ninkin haka sau shida, maƙwabta kuma sun sha kai kuka. Lasisin da babu mai zuwa duba shi adon bango ne. Sai dai maganin wannan shi ne ƙananan hukumomi su ƙara jami'an bincike, su riƙa kai ziyarar ba-zata, su ɗauki ƙorafin maƙwabta da muhimmanci. Sassauta dokar zai ƙara wa mugun mai gida fili ne kawai.

Taimakon da ke iya zama ajali

Inda abin ya fi ciwo shi ne tsakanin 'yan ƙasa ɗaya. Sabon zuwa ba shi da tarihin biyan haya a Birtaniya, ba shi da mai tsaya masa, dillalai kuma kan juya masa baya. Sai wani ɗan garinsu ya ce ya zo ya raɓa, a shimfiɗa masa katifa a falo ko a ɗakin ajiya, ya riƙa ba da wani abu a hannu duk mako.

Sau da yawa da kyakkyawar niyya ake farawa. A gida an saba da haka, babu mai ƙirga yawan masu kwana a ɗakin haya, kuma korar baƙo abin kunya ne. Amma daga ranar da kuɗi ya fara shiga aljihu, katifa ɗaya ta zama huɗu, an bar zumunci an shiga kasuwanci.

Doka ma haka take kallonsa. Laifin gudanar da gida babu lasisi yana hawa kan wanda ke iko da gidan ko yake tafiyar da shi, ko da shi ma haya yake yi. Ƙaramar hukuma na iya cin tara, wadda dokar 2016 ta sa iyakarta a fam 30,000, ko ta kai mutum kotu inda tarar ba ta da iyaka. Dokar 2016 ɗin ta kuma bai wa 'yan haya damar neman a mayar musu da kuɗin hayar da ya kai na wata 12.

Sabuwar dokar kare haƙƙin 'yan haya da aka amince da ita a watan Oktoban 2025 ta ɗaga tarar zuwa fam 40,000, ta mayar da wata 12 ɗin zuwa 24. Ta kuma ba da damar bin ainihin mai gida, ko da ya ɓuya a bayan wani kamfani ko wani mutum da ya ba shi gidan ya raba. Wannan ya kamata ya farkar da masu kuɗin da suka sayi gidaje a Landan ko Manchester suka bar wa wakili, suna zaune a Abuja ko Kano suna jiran alat.

Shiru ba ya kare kowa

'Yan haya da yawa sun san gidan da suke ciki ya cika maƙil, sun san ƙararrawar hayaƙi an cire mata batiri, amma sun ja bakinsu. Wani yana tsoron a kore shi cikin sanyi. Wani yana ganin kai ƙara zai taɓa bizarsa. Wani kuma kunyar tona asirin ɗan uwa yake ji.

Laifin rashin lasisi na mai tafiyar da gida ne, ba na wanda ya biya kuɗin ɗaki ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da rajistar gidajen da ta bai wa lasisi, kowa na iya dubawa, kuma da yawa sun sa ta a intanet. Iyayen da ke shirin tura wa ɗa ko 'ya kuɗin ɗaki suna iya neman adireshin gidan a duba kafin a biya ko sisi.

Tambayoyin da ya kamata mai neman ɗaki ya yi ba su da yawa. Mutum nawa aka yarda su kwana a gidan, kuma nawa ne a ciki yanzu? Ina takardar binciken gas ta bana? Idan aka danna ƙararrawar hayaƙi tana ƙara? Ƙofar waje tana buɗuwa daga ciki babu makulli? Akwai mai cajin batirin keke a kan hanyar fita? Mai gidan da ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa.

Ƙungiyoyin ɗaliban Najeriya da masallatai da majami'u da zaurukan WhatsApp, inda ake tallata mafi yawan waɗannan ɗakuna, suna da rawar takawa. Abu ne mai sauƙi su sa sharaɗin cewa duk mai tallan ɗaki a gidan da ke buƙatar lasisi ya haɗa da lambar lasisin da adadin mutanen da aka amince masa. Wanda ya ƙi, a cire tallansa, ko ɗan wane ne.