Bashin Noma Ba Kyauta Ba Ne

Tun 1975, lokacin da aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, manoman wannan yanki suka saba samun taki da iri cikin rahusa daga hukuma. Wannan sabo ya sa da aka fito da rancen Anchor Borrowers a 2015, wasu suka ɗauke shi tamkar rabon ganima.

To, zamani ya juya. Yau sunan wanda ya ƙi biya yana shiga kundin masu ajiye tarihin bashi, kuma banki yana duba kundin kafin ya ba da rance. Tun watan Agusta 2020, Babban Bankin Nijeriya ya yarda a bi lambar BVN a cire bashi daga ajiyar mutum a wani banki.

Biya ba ya shafe tarihin jinkiri nan take, amma shi ke sake buɗe ƙofar rance. Saboda haka manomin Funtuwa ko Malumfashi da ya sayar da auduga ko masara, ya biya, ya karɓi takardar shaida. Wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa kuwa, ya je banki a sake masa wa'adi.