Sunan gidanku daga bargar doki ya fito? To ba abin kunya ba ne

1/ Jiya a wani zauren WhatsApp aka yi ta yi wa wani yaro dariya saboda sunan gidansu Shamaki. Wai "jikan mai kwashe kashin doki". Ya yi shiru, can sai ya fice. Abin ya tsaya min a rai. Ku ɗan biyo ni.

2/ Kun san sunan Turawan nan Marshall? Daga tsohon harshen Jamusawa ya fito: "marah" doki, "scalc" bara. Wato mai hidimar doki kenan. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka a 1967, sunan da yake ɗauke da shi kenan.

3/ Constable ma haka. Daga Latin ne, "comes stabuli", mai kula da bargar sarki. A Faransa ta da, mai wannan muƙamin ne babban kwamandan sojan sarki.

4/ Ritter a Jamus, Chevalier a Faransa, Caballero a Sifaniya, Faris a wajen Larabawa, duk asalinsu mahayin doki.

5/ Me ya sa sunayen suka yi girma? Kafin mota da bindiga su yawaita, doki ne ƙarfin yaƙi. Wanda sarki ya damƙa wa dawakinsa, amanar ƙasa ya ba shi.

6/ Mu ma haka ne. Madaki gajeren Madawaki ne, jagoran mayaƙan doki. Barde jarumin kan doki ne. A Kano, cikin masu zaɓen sarki 4, biyu sunan doki ne da su: Madaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta.

7/ Shamaki fa? E, sarautar bayin sarki ce, ban ɓoye ba. Amma yana cikin manyansu a fadar Kano, shi da Ɗan Rimi da Sallama, kuma dawakin sarki a hannunsa suke. Ko da ma kakansa ciyawa kawai yake yankowa, ai guminsa ya ci.

8/ Abin haushin, da sunan yaron nan Marshall ne, wallahi da sai ku ce sunan gayu. Alhali aikin ɗaya ne.

9/ In akwai tsoho a gidanku, ka je yau ka tambaye shi inda sunanku ya samo asali, tun yana nan. Ku rubuto min naku a ƙasa mu gani.