Tsofaffin Kyamarori a Lungunan Madabo

A wannan makon za mu ɗan huta da siyasa, ko da yake za ku ga tsadar rayuwa ta biyo mu har inda za mu.

Wata sha'awa ta kama matasa masu ɗaukar hoto don nishaɗi, daga Tokyo da Landan har Legas, kuma ƙurarta ta fara isowa Kano. Matashin da ya tashi bayan an daina kai fim wanki, wanda wayar aljihunsa za ta ɗauki hoto dubu ba ta gaji ba, shi ne yau ke neman kyamarar fim ruwa a jallo. A cikinsu akwai rukunin da ba kowace iri suke so ba. Idonsu na kan manyan kyamarorin ƙwararru na ƙarshen zamanin fim, waɗanda ke saita gani da kansu: Nikon F4 da F5 da F100, Canon EOS-3 da EOS-1V, da makamantansu. Ba su da yawa a garin nan, amma mai yawan bin lungunan cikin birni, daga gindin Dala zuwa Madabo, yakan ci karo da ɗaya ko biyu, da ƙatuwar baƙar kyamara rataye a wuya kamar kambu.

Ban ga laifinsu ba, domin kayan sun cancanci a so su. A 1985 kamfanin Minolta ya fitar da samfurin 7000, wadda ta haɗa na'urar auna nisa da injin juya gilashi a cikin jikinta, kuma daga nan harkar ta sauya. Kafin wannan lokaci, galibi mai hoto shi ke murza gilashi da yatsunsa har abin da yake kallo ya fito tas. Dabarar da aka zo da ita ita ce a sa wani ɗan madubi a bayan babban madubin kyamara, ya karkatar da wani ɓangare na haske zuwa wata na'ura da ke ƙasa. Na'urar ta raba hasken gida biyu, ta gwada tazarar da ke tsakanin sifofin biyu, sai ta san ko gilashi ya matsa gaba ko ya ja baya, da kuma iyakar inda zai tsaya. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Canon ta yi ƙundunbala a 1987, ta watsar da tsohon mahaɗin gilasanta ta zo da tsarin EOS, inda kowane gilashi ke da injinsa a ciki. Masu tsofaffin gilasai sun yi ta tsine mata, amma ba a jima ba 'yan jaridar wasanni suka yi ta komawa wajenta. Nikon ta fito da F4 a 1988, sannan F5 a 1996, mai ɗaukar hoto takwas a daƙiƙa ɗaya. EOS-3 ta 1998 har ƙwayar idon mai ita take bi, ta saita wurin da ya kalla. EOS-1V ta 2000 kuwa, idan aka ɗaura mata ƙarin mazaunin batir, goma take yi a daƙiƙa.

Waɗannan su ne kayan aikin da aka ɗauki gasar Olamfik da yaƙe-yaƙe da su, kuma a lokacinsu kuɗin wasunsu ya kai dubban daloli. Suna kan ganiyarsu dijital ta shigo: Nikon D1 a 1999, Canon EOS-1D a 2001. Cikin 'yan shekaru ƙwararru suka jingine su, suka zama kayan hannu. Canon ta daina sayar da EOS-1V a 2018, Nikon ta rufe babin F6 a 2020. To, matashin da ya ga abin da a da sai babban gidan jarida ke iya saye ya faɗo inda hannunsa zai kai, me zai hana ransa ya biya? Balle ma idan yana ɗaukar hoton biki da Canon ta dijital, yawancin gilasansa na EF za su hau EOS-1V ba tare da wata dabara ba.

Sai dai duk Bakano ya san sayen doki ba shi ne wahala ba. Wahalar tana ga harawa da dusa da gero da kanwa, kullum ta Allah. Kyamarar ita ce dokin, fim shi ne harawar. Nadi ɗaya hoto 36 ne, wato EOS-1V za ta lanƙwame shi a ƙasa da daƙiƙa huɗu idan yatsa ya manta a kan maɓalli. Fim kuwa ba a yin sa a Najeriya, da dala ake shigo da shi, kuma kowa ya san inda naira ta kwana tun da aka sake ta a Yunin 2023: daga wajen 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 cikin 'yan watanni. Shagunan hoton da ke wanke fim a da sun koma dijital, don haka sai dai a aika nesa ko mutum ya koyi wankewa da kansa. Nan ma yanayinmu yana da nasa sharaɗi. Zafin bazara, mai haura digiri 40, yana dafa fim tun yana cikin kwalinsa, firjin da za a ajiye shi kuma yana jiran wuta. Ƙurar hunturu na shiga ta zauna ta karce fim daga farko har ƙarshe. Ruwan maganin wanke mai kala digiri 38 yake so, wanda a watan Afrilu tankin saman soro ma zai bayar kyauta, amma na baƙi da fari digiri 20 ne, sai an nemi ƙanƙara.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa son faɗa. Waɗannan kyamarori kwamfutoci ne a cikin rigar ƙarfe. Tsohuwar Pentax K1000 ko Nikon FM2, masu aiki da waya da haƙoran ƙarfe, mai gyara mai haƙuri zai iya kwance su ya mayar. Amma ranar da allon lantarkin F5 ya ƙone, sai dai a nemo wata matacciya a ciro nata, domin an daɗe da daina ƙera kayan gyaran. Wanda ya nace sai ya saya, ya fara tambayar batir kafin ya tambayi sauri: F5 da F100 suna cin batirin AA da ake samu a kowane kanti, EOS-3 da EOS-1V kuwa, in babu ƙarin mazaunin nan, 2CR5 suke ci, wanda za a sha yawo kafin a same shi.

Duk wannan lissafin aljihu ne, kowa da ƙarfinsa. Abin da ya fi damuna shi ne me ake ɗauka da su, kuma ina abin da aka ɗauka yake kwana.

An ƙera su ne don gudu. Wurin da suka dace da shi a Kano shi ne Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje don jafi, domin kyamarar na iya lissafa inda doki zai kai kafin ta ƙifta. Hawan Sallar Kano, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disamban 2024, bai taɓa rasa masu hoto ba. Kowace shekarar da aka yi shi, dubban hotuna ne, kuma kusan duk iri ɗaya: rawani, alkyabba, lifidi, ƙura. Madabo fa, wa ke ɗaukar ta?

Unguwa ce da ba ta gudu. Tarihinta na ilimi yana komawa ga Wangarawa da jagoransu Shehu Abdurrahman Zaite, waɗanda littafin tarihin sarakunan Kano ya ce sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), wata ruwayar kuma ta kai zuwan Shehun zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Ko wacce aka ɗauka, ɗaruruwan shekaru ke nan ana karanta fiƙihu a zaurukanta, musamman Mukhtasar na Khalil, kuma sarautar Babban Malami na Madabo shaida ce. Abin ɗauka a nan ba ya buƙatar hoto goma a daƙiƙa: zaure mai daurin guga, azarar da ta haura shekara ɗari, zankon da damina ke ci, dattijo a kan buzu da littafi a gabansa, hannun mai rubutun allo. Waɗannan su ne ke ɓacewa a hankali, ba tare da kowa ya yi shela ba. Gidan ƙasa ya rushe a watan Agusta, a tayar da na bulo. Magada su raba gida, zaure ya zama shago. Mun ga yadda aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, aka sake gina wata, mun kuma ga yadda ake yankar badala ana gine-gine. Abin kunya ne a ce mai son ganin kamannin birnin nan daga saman Dala a ƙarni na 19 yana da zanen Heinrich Barth na 1851, amma jikan wani malami ba shi da hoton zauren da kakansa ya karantar a ciki shekara talatin da suka wuce.

Saurin kyamarar ma yana iya zama fitina a irin wannan wuri. Tunda ba ta buƙatar a tsaya a murza, tana sauƙaƙa hoton sata: a ɗaga, a danna, a wuce. Lungun cikin birni ba gidan kallo ba ne. Malamai sun saɓa a kan hukuncin hoto, akwai dattawan da har yau ba sa so, kuma haƙƙinsu ne. Akwai matan aure da ke leƙowa daga soro, akwai almajiran da aka mayar abin ado a shafukan Instagram ba tare da an san ko sunansu ba. Wanda zai ɗauki hoto a Madabo ya fara da sallama, ya gaida mai unguwa, ya faɗi ko shi ɗan gidan wane ne da abin da zai yi da hoton, in an ce a'a ya rufe gilashinsa. In an yarda, ya dawo da kati ya miƙa wa mai shi. A nan tsadar fim ma ta yi rana, domin mai hoto 36 kacal a jaka dole ya zauna a dakali ya jira, kuma mai zama shi ake ba labari.

Sai babbar maganar, wato nagatif, baƙin fim ɗin da ke fitowa bayan wanki. Ɗabi'ar da ta yaɗu tsakanin sababbin masu sha'awar nan a duniya ita ce a aika fim, a wanke, a yi sikanin a turo hotunan ta waya, nagatif ɗin kuma a bar wa shago ya zubar. Wannan shi ne a sayi saniya a ƙoshi da kallon inuwarta. In hoton waya ake so, ai wayar na nan, ta fi araha. Fifikon fim guda ɗaya da ba a jayayya a kansa shi ne abu ne da ake riƙewa a hannu, ana ɗaga shi a rana a ga abin da ke ciki, ba ya buƙatar caji ko lambar sirri, ba ya tafiya tare da wayar da aka ƙwace a bakin titi. Na baƙi da fari, wanda azurfa ce ke riƙe da sifarsa, idan an wanke shi da kyau yana haura shekara ɗari, mai kala kuwa rininsa na dusashewa.

Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yana ɗaukar talakawan gari da suka ci ado. Bai ɗauki kansa wani shahararre ba, amma ya adana dubban nagatif ɗinsa. Da masu bincike suka neme shi a farkon shekarun 1990, suka tarar da rayuwar Bamako ta wancan zamani a ajiye, yau kuma hotunansa na manyan gidajen tarihin duniya. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara bin kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu, wasu salon ma sai a hotunansa ake ganin su yanzu. Solomon Alonge ya yi shekaru yana ɗaukar fadar Benin, kuma tarin aikinsa yana Smithsonian a birnin Washington, abin alfahari da takaici a lokaci guda. Ba wanda ya tambayi hoto nawa kyamarorinsu ke yi a daƙiƙa.

Mutanen Madabo ba sa buƙatar a koya musu wannan. Sun gaji littattafan da aka kwafa da hannu, aka sa a gafaka, aka kare su daga gara da laima. Mai kwafi na gari kuwa in ya kai ƙarshe yakan rubuta sunansa, da sunan mai littafin, wani lokacin har ranar da ya gama. Haka nagatif yake so: a yanka shi shida-shida, a zura a leda ko takardar da aka yi don shi, a rubuta a jiki kwanan wata da unguwa da sunan gida da na mutanen da ke ciki, a ajiye a busasshen wuri nesa da rufin kwano. Hoton dattijon da ba a rubuta sunansa ba, bayan shekara hamsin ya zama "wani tsoho a Kano".

Ya kamata Gidan Makama da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa su buɗe wa matasan nan ƙofa, su karɓi kwafin abin da suka ɗauka da sunayensu a kai. Kafin nan, akwai aikin da ba ya buƙatar sayen fim ko ɗaya. Tsofaffin masu shagunan hoto na Sabon Gari da Fagge da cikin birni, waɗanda suka ɗauki bukukuwan iyayenmu da saukar karatunsu da tafiyarsu Hajji, wasunsu suna raye, na wasu kuma 'ya'yansu na nan. A je a gaishe su, a tambayi inda kwalayen nagatif ɗinsu suke, a duba abin da gara ta rage kafin damina mai zuwa.

Sai mako na gaba, in Allah Ya kai mu.