JIF BA SULKE BA CE: MAGANA GA MASU SHIRIN SAYA WA YARO 'YAR FOWIL

Maganar wannan makon da iyaye nake yin ta, kuma na san wasu za su ji haushi. Su ji. Gara a ji haushina a nan da a je yi wa wani ta'aziyya.

Kwanan baya wani yayana ya kira ni. Ɗansa ya cika shekara 19, ya samu jami'a, yana son saya masa mota. Ya ce, "Ƙanina, 'yar jif nake so mai fowil, ko hatsari ya zo ta kare shi." Na ce, "Yaya, wa ya gaya maka fowil tana kare mutum?" Ya yi shiru. Babu wanda ya gaya masa, haka kawai muka ɗauka.

Aikin fowil ɗaya ne: ta raba ƙarfin inji zuwa tayoyi huɗu don mota ta iya fita daga laka ko yashi. Ba ta ƙara wa burki ƙarfi, domin kowace mota, ko tsohuwar Starlet ce, akwai burki a tayoyinta huɗu. Inda haɗarin yake, yaro zai taka totur cikin ruwan sama ya ji motar ta tashi ba ta zame ba, sai ya ɗauka haka za ta tsaya masa. Ranar da akuya ta tsallako ko mai adaidaita sahu ya yanko gabansa, ranar zai gane.

Ga kuma tsayi. Jif ta fi ƙaramar mota tashi daga ƙasa, nauyinta yana sama. Direban da ya goge yana sassauta sitiyari idan abu ya faɗo masa. Sabon hannu fizga yake yi, ya sake fizgowa, doguwar mota kuwa a irin wannan fizgar take kifewa.

Ban ce kada kowa ya saya ba. Yaron da ke zuwa gona, ko wanda gidansu ke unguwar da damina ke mayar da hanya taɓo, yana da hujja. Amma idan za a saya, a saya da ilimi.

Abu na farko, na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa. Ita ce ke taka burkin taya guda da kanta kafin direba ya ankara. Toyota na kiranta VSC, Honda na kiranta VSA. Amurka, inda yawancin tokumbonmu ke fitowa, ta wajabta ta a ƙananan motoci daga samfurin 2012. RAV4 ta kasuwar Amurka tana zuwa da ita tun 2004, CR-V tun 2005. Ke nan tsofaffin nan na shekarun 1990 da ake yabon ƙarkonsu ba na yaro ba ne, komai araharsu. Ka murɗa makulli ka duba allon gaba: fitilar wannan na'ura da ta ABS da ta jakar iska dole su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ƙwanta aka yi don a rufe maka ido.

Na biyu, inji. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 akwai mai fulogi shida, lita 3.5, ƙarfin doki 269. Dillali zai yi ta koɗa maka ita, yaron ma ita zai so. Wallahi miƙa wa ɗan shekara 19 wannan motar ganganci ne. Mai fulogi huɗu ta ishe shi. A cikinsu ma, inji mai lita 2.4 na 2006 zuwa 2008 ya yi suna wajen shan baƙin mai, mai 2.5 da ya fito daga 2009 ya fi kwanciyar hankali. Kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya san wanda zai riƙa cika tankin nan. Kai ne.

Na uku, fowil ɗin ma akwai ta? RAV4 da CR-V da yawa tayoyin gaba kaɗai ke ja, haka suka fito daga kamfani. Wasu kuma an cire musu firfela a gareji saboda gyaranta ya yi tsada. Kai bakaniken ka, ba na dillali ba, ya shiga ƙarƙashi ya gani. Mutane nawa ne suka biya kuɗin fowil suka tafi da rubutun bayan but?

Na huɗu, taya, kuma a nan ne muka fi rashin gaskiya. Mutum zai zuba miliyoyi a mota, sannan ya tsaya yana cinikin tsofaffin tayoyi a bakin titi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Taya mai shekaru a kan kwalta mai zafin watan Afrilu, fashewa take jira, kuma fashewar taya a doguwar mota ba wasa ba ne. Huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, domin haɗa-haɗen taya na wahalar da fowil.

Na biyar, lambar shasi mai harufa da lambobi 17. A bincika tarihinta a intanet. Motoci da yawa daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye aka ɗauko su, aka yi musu kwalliya. Ka ɗaga kafet, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujera.

Yanzu mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancinmu ba laka muke tsoro ba, bakin mutane muke tsoro, kada a ce ɗan Alhaji a Corolla yake yawo. Alhali yaron da tafiyarsa daga gida zuwa makaranta ce a kan kwalta, Corolla mai wannan na'ura da sababbin tayoyi ta fi masa tsohuwar jif sau goma. Rarar kuɗin a kai shi makarantar koyon tuƙi ta gaske, ya yi gwaji ya karɓi lasisi da guminsa, ba a kawo masa har falo ba. A koya masa ɗaura bel, a kuma tuna masa iyakar gudu a babban titi kilomita 100 ce.

Yayana dai ya ji, bayan ya gama faɗa. Wanda ke da ja a kan abin da na ce, ya kawo hujja, ba sunan mota ba.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya kai su lafiya Ya dawo mana da su lafiya.