Gasar zanen ɗalibai kan sharar roba: Wayar da kai ce ko ɗora wa yara kayan manya?

Duk shekara idan 5 ga Yuni ta zagayo, wato Ranar Muhalli ta Duniya, makarantu da ƙungiyoyi a ƙasashe da dama sukan tara ɗalibai, a ba su takarda da fenti, a ce su zana illar leda da robobi. Sau uku ke nan a 'yan shekarun nan Majalisar Ɗinkin Duniya tana keɓe ranar ga yaƙi da sharar roba: a 2018 da Indiya ta karɓi baƙunci, a 2023 a Kwaddibuwa, sai 2025 a Koriya ta Kudu.

Wasu gasannin sun yi suna. A Amurka, ƙungiyar Bow Seat, wadda Linda Cabot ta kafa a 2011, tana shirya gasar shekara-shekara ga ɗalibai masu shekara 11 zuwa 18 daga ko'ina a duniya, a fannonin zane da waƙa da fim da rubutu. Hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi a ƙasar ita ma tana da tata gasar ta ƙananan ɗalibai kan sharar da ke shiga teku, kuma zanen waɗanda suka yi nasara shi ake bugawa a kalandarta.

Amfanin irin wannan gasa ba a ɓoye yake ba. Yaron da ya shafe mako guda yana tsintar marafan kwalba don ya haɗa hoto, ya ƙirga su da hannunsa, ya san yawan sharar unguwarsu fiye da wanda aka karanta wa a aji. Kuma yaro ba ya barin abin da ya koya a ƙofar makaranta; yana kai shi gida, ya dami uwa da uba.

Sai dai girman matsalar ya sa dole a tambayi inda wannan wayar da kai take nufa. Duniya tana samar da roba fiye da tan miliyan 400 a shekara, kuma rahoton ƙungiyar OECD na 2022 ya nuna kashi 9 cikin 100 ne kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Ko da kowane ɗalibi ya daina yar da leda a titi gobe, injinan da ke ƙera ta ba za su tsaya ba.

A nan ne tarihi yake da abin faɗa. A 1953 aka kafa ƙungiyar Keep America Beautiful, kuma kamfanonin lemo da masu ƙera gwangwani da kwalabe na cikin waɗanda suka kafa ta. A 1971 ta fitar da tallan talabijin da ya shahara, inda wani mutum cikin shigar 'yan asalin Amurka yake zubar da hawaye saboda sharar da aka jefa gabansa. Saƙon shi ne mutane ke ƙazanta gari, su ne kuma za su gyara. Masu suka sun daɗe suna cewa tallan ya ɗauke ido daga mai ƙera kwalbar, ya mayar kan mai jefar da ita. Gasar da take nan da nan ta ƙare a kan "kada ka zubar da shara" tana iya maimaita wannan dabarar, ko da masu shirya ta ba su nufa ba. Shi ya sa sanin wanda ya ɗauki nauyin gasar da wanda ya zaɓi takenta yake da muhimmanci.

Zane yana iya nuna yatsa ga tushen. A 2022, lokacin taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi, mai fasaha Benjamin Von Wong ya kafa wani katafaren kan famfo da ke amayar da robobin da aka tattaro daga unguwar Kibera. Ma'anarsa a fili take: a rufe famfon. A taron ne ƙasashe suka amince su tsara yarjejeniyar duniya kan roba. Amma zaman Busan a ƙarshen 2024 da na Geneva a Agustan 2025 duk sun watse babu matsaya, kuma babban abin da ya raba kai shi ne batun taƙaita yawan robar da ake ƙerawa, wanda manyan ƙasashe masu arzikin mai suka ƙi.

Ga ɗalibin Kano ko Maraɗi akwai ƙarin matsala. Hoton da ya cika intanet shi ne kunkurun teku da leda ta shaƙe, kuma yaron da bai taɓa ganin teku ba zai kwafe shi don ya burge alƙalai. Alhali sharar da ya sani tana ƙofar gidansu: kwatar da ledar fiyawata ta toshe har ruwan damina ya shiga ɗaki, akuyar da ta rame sai da mahauci ya farke tumbinta aka ga ƙunshin leda, da gonar bayan gari da ke fitar da baƙar leda a duk saran fartanya. Gasar da ta nemi yaro ya zana waɗannan za ta kai shi ga tambayoyin da suka fi wa hukuma zafi. Me ya sa sai an sayi ruwa a leda? Ina famfon makarantar? Wa ke kwashe bola, kuma ina ake kai ta?

Inda aka ga sauyi, doka ce ta kawo shi. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta haramta farin mazubin abincin nan na soso a Janairun 2024. Ba kasafai ake gayyatar masu ikon yin irin wannan doka su tsaya gaban zanen yaran su amsa tambaya ba. Yawanci babban baƙo yakan miƙa kyauta, a ɗauki hoto, ya shiga mota.

Su kuwa hotunan da aka haɗa da leda da gam da fenti, bayan biki sukan yi 'yan makonni a ofishin shugaban makaranta, daga nan a kai su bola, a banka musu wuta tare da sauran shara.