Me ya hana kayan Kano biyo kogin Kwara?

Akasarin kayan ƙasashen waje da ake saukewa a shagunan birnin Kano, tun daga Ƙofar Mazugal har zuwa Kantin Kwari, a bayan tirela suke isowa daga Legas, bayan tafiyar kusan kilomita 1,000. Amma fiye da shekaru 100 da suka wuce, akwai lokacin da kogin Kwara ne babbar hanyarsu.

A shekarar 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, wani gari a bakin kogin cikin jihar Neja ta yanzu, kuma layin ya iso Kano a 1911. Jiragen ruwa kan ɗauko kaya daga bakin teku su sauke a Baro, jirgin ƙasa kuma ya ƙarasa da su.

To sai dai tun a wancan zamani jinkiri ne babban cikas. Idan rani ya yi nisa ruwa kan ja baya, yashi ya fito, manyan jirage su tsaya jiran damina. Da aka kammala gadar Jebba, jirgin ƙasa ya samu wucewa kai-tsaye daga Legas zuwa arewa, sai tauraruwar Baro ta fara dushewa.

Ƙofofin Kainji da Jebba

Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, da ta Jebba da ta biyo baya, sun datse kogin domin samar da wutar lantarki. Domin kada su tare hanya, an gina wa kowacce mashigar ɗaga jirage.

Mashigar wani ɗaki ne mai ƙofa a gaba da baya. Jirgi zai shiga a rufe, a cika ɗakin da ruwa har ya yi daidai da tafkin da ke sama, sannan a buɗe masa ya wuce. Aikin yana cin lokaci da ruwa mai yawa, kuma ƙofa ɗaya idan ta lalace, duk jiragen da ke layi sai su tsaya.

Ko a manyan mashigun duniya haka abin yake. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suez na Masar har kwanaki 6, inda ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. A 2023 kuma fari ya tilasta wa hukumar mashigin Panama rage yawan jiragen da ke wucewa kullum. Bambancin shi ne a can akwai jadawali, da jiragen ja, da injiniyoyin da ke zaune cikin shiri.

Tashar da ke jiran jirage

A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya ƙaddamar da aikin yashe kogin Kwara, tsawon kilomita 572 daga Warri zuwa Baro. A watan Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro.

Amma an shafe shekaru bayan bikin tashar ba ta fara aikin da aka gina ta dominsa ba. Hanyar motar da ke zuwa garin ta lalace, tsohon layin dogo ya daɗe da daina aiki, sannan yashe kogi ba aikin sau ɗaya ba ne, domin kowace damina tana dawo da yashi.

Ɗan kasuwa kuwa yakan jure tsada idan ya san ranar da kayansa za su iso. Abin da ba ya jurewa shi ne jiran da ba shi da wa'adi.

Jinkirin da ke cin rai

Waɗanda suka rage a kan ruwa su ne masu kwale-kwalen katako mai inji, da mutanen ƙauyukan da ba su da gada ko hanyar mota. Idan inji ya mutu da rana, ko aka makara a kasuwa, dabarar da aka saba ita ce a haɗa fasinjojin sawu biyu a sawu ɗaya, a kuma yi tafiyar dare, lokacin da matuƙi ba ya ganin kututturen da ke cikin ruwa.

A watan Mayun 2021 wani jirgi ya dare a kusa da Wara cikin jihar Kebbi, mutane da dama suka halaka. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 da ke komawa gida daga ɗaurin aure suka mutu a yankin Patigi na jihar Kwara.

Jihar Kano ma ba ta tsira ba. A ranar 30 ga watan Nuwamban 2021 wani kwale-kwale ya kife a Bagwai, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta haramta tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar ruwa. Sai dai doka ita kaɗai ba ta gyara inji, kuma ba ta ƙara jirgi na biyu ga ƙauyen da ke da guda ɗaya.

A watan Janairun 2023 an buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Kano. Ko wata rana za a ga kwantenar da ta biyo ruwa ta Baro ta iso can, wannan ya dogara ne a kan titi, da layin dogo, da kuɗin yashe kogi da za a riƙa warewa kowace shekara.